Farata Huɗu

Tansen, 12 ga Yuni, 1994

Kancha, autanmu Tirtha,

Ina sa maka albarka, ni yayarka Kausalya, kuma na haɗa da ta mahaifinmu Buwa, ko da yake bai ce in rubuta hakan ba. Ina fata kana lafiya, kana cin abinci irin na mutane, ba shayi da biskit ba. Na sa kwanan wata irin naku na Kalkata don kada gobe ka ce lissafinmu ne ya rikita ka. Mu nan damina ta sauka da ƙarfinta, an fara dashen shinkafa a kwari, gwiwata kuma tana nan yadda ka san ta.

Buwa ne ba lafiya. Wata biyu ke nan abinci ba ya zama a cikinsa. Na kai shi asibiti, likita ya daɗe yana latsa cikin, sannan ya kira ni waje ya ce ƙari ne, kuma ya wuce a yi aiki. Ban faɗa wa Buwa ba, amma ka san shi. Muna dawowa gida ya ce ba zai ga bikin Dashain na bana ba, ya sa aka sauko da gadonsa daga bene zuwa ɗakin ƙasa, kusa da ƙofa. Wai kada a sha wahalar ɗaukarsa ranar da za a kwantar da shi ya cika a gindin tulsi, tsironmu mai tsarki, a tsakar gida.

Ba sai na tuna maka ba, kai kaɗai ne ɗansa namiji. Kai za ka sa wa gawarsa wuta a bakin kogi, kai za ka yi zaman makoki na kwana goma sha uku. Ni mace ce, ko na so ba za a bar ni ba. Bhimlal ɗan baffanmu ya fara zarya, kullum da ayaba a hannu. Shekaranjiya ya gyara murya ya ce, “Baffa, in ɗan birni bai samu zuwa ba, ai ga ni.” Buwa ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, “Kai da ko murhu ba ka iya hurawa ba? Sai a kwana uku ina hayaƙi.” Na yi dariya, na shiga madafa na yi kuka.

Bayan Bhimlal ya tafi sai ya tambaye ni, “Har yanzu yaron nan yana da waɗancan faratan?” Na ce shekara huɗu rabona da ganin hannunka. Ya ce, “To, wanzami zai sha aiki ran kwana na goma.” Daga nan ya juya fuska bango.

Ka zo, Kancha. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan nan ban taɓa roƙonka komai ba.

Didinka,
Kausalya


Kalkata, 27 ga Yuni

Didi,

Na durƙusa na taɓa ƙafafunki, ki taɓa mini na Buwa. Lafiyata lau, ina cin shinkafa da miyar wake, dal ɗinmu, sau biyu a rana, sai dai ba su kai naki ba. Wasiƙarki ta same ni ina shirin fita makaranta, ranar ban koyar da kowa ba.

Zan zo. Amma ki saurare ni tukuna kafin ki yaga takardar nan. Ran 24 ga Satumba za a fara jin kiɗan da na shekara bakwai ina rubutawa. Na sa masa suna Kwarin Madi, saboda farin gajimaren nan da ke cika kwarin da safe, wanda muke kallo daga bene muna yara. Jita guda ce, da masu goge goma sha biyu a bayana. An kama zaure, an buga takardun gayyata, gidan rediyo zai ɗauka. Shekarata arba'in, Didi, ina koya wa 'ya'yan masu hali kiɗan mutanen da suka daɗe da mutuwa a Turai. Wannan ne karo na farko da za a zauna a saurari nawa. Kuma ba wanda zai iya kaɗa shi sai ni, don a kan hannuna na auna shi, ban koya wa kowa ba.

Maganar farata kuwa, ke ma kin daɗe kina ɗauka ado ne. Irin jitarmu da farce ake taɓa tsirkiyarta, na babban yatsa da na uku da ke biye da shi, a hannun dama. Kowace safiya rabin awa nake yi ina goge su da samfefa mai laushi, don ko ɗan kaushin da ido ba ya gani, kunne yana ji. Ba na buɗe ƙofa da dama, ba na ɓalle maɓalli da dama. In wanzami ya yanke su, sai wata biyu kafin su dawo, bayan haka ga shekara guda ta farin kayan makoki da ba a taɓa kayan kiɗa. Ba ina kukan al'ada ba ne, zan yi duk abin da ɗa yake yi. Ina gaya miki ne don ki san abin da ke kan ma'auni.

Ran 25 zan hau jirgin ƙasa, ran 27 ina gida. Ki riƙe mini shi zuwa lokacin.

Sannu da gwiwa, ni ma gaɓoɓina suna ɗan yi mini gardama kwanan nan. Laimar garin nan ce.

Ƙanenki,
Tirtha


Tansen, 29 ga Yuli

Kancha,

Albarka. Muna nan da rai. Dutse ya zaftaro ya rufe hanyar Butwal, wasiƙarka ta yi sati uku a buhu tana jiran a share. Sati ukun nan kullum sai Buwa ya tambaya, ni kuma kullum sai na ƙirƙiro maka uzuri, har na fara jin haushin bakina.

Wai in riƙe maka shi! Buhun masara ne, da zan rataye a bene har ka gama kiɗa? Mutumin nan ya rame har zoben hannunsa ya faɗi a cikin kwano.

Na zauna zan karanta masa, ina tsallake wuraren da na san za su ɓata masa rai. Ban yi layi biyar ba ya ce, “Ke, ba ni nan. Shekara talatin da biyar ina sauraren yara suna karatu, na san muryar mai tsallake.” Ya sa tabarau, ya karanta da kansa. Ban ga ya yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya kai takardar wajen haske, ya karkata ta, ya daɗe. Can ya ce, “Wannan ba hannun da na koyar ba ne. Wa ya rubuta masa?”

To ni ma ina tambaya. Ka yi girman da sai an rubuta maka wasiƙar gida? Ɗalibi ne, ko wata ce ba ka faɗa mana ba? In wata ce, ka ce mata hannunta ba kyau.

Akwai abin da bai kwanta mini ba. Ka tuna ƙaramar askar nan mai ƙotar ƙaho? Wadda ya sa aka danne ka da ita kana shekara goma sha shida, ya yanke maka farata a gaban baƙi, wai ɗan gidanmu ba zai miƙa wa gunki fure da hannun mikiya ba? Na san ka tuna, tunda washegari ka bar gida. Ya sa na nemo masa ita a akwati, da dutsen washi. Yanzu kowane hantsi, in zafin cikin ya ɗan lafa, sai ya zauna yana wasa ta a hankali. Na tambaye shi ta mece ce, ya ce in je in duba dal kada ta ƙone.

Ba na son ƙarar nan, Kancha. Har bakin famfo nake jin ta.

Kausalya


Kalkata, 11 ga Agusta

Didi,

Na taɓa ƙafafunki da na Buwa. Ina lafiya.

Ni na rubuta waccan, ni nake rubuta wannan. Babu ɗalibi, babu wata.

Abu ɗaya nake so ki yi mini. Ki koma wurin likitan ki tambaye shi kai tsaye: kafin 24 ga Satumba ne, ko bayanta? Kada ki yarda ya yi miki kwana-kwana, ke ma kada ki yi mini. Ina bukatar in sani.

Tirtha


Kalkata, 22 ga Agusta

Didi,

Ban jira amsarki ba. Gaisuwa kamar kullum, amma ba zan ce ina lafiya ba, na gaji da faɗin hakan. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Buwa bai yi kuskure ba, ba hannun da ya koyar ba ne. Wata goma sha huɗu ke nan yatsana na tsakiya ya daina bin umarnina. Ba ya ciwo, ba ya kumbura. Zan iya ɗaukar kofi da shi, zan iya nuna miki shi a miƙe. Amma da zarar ya taɓa tsirkiya sai ya lanƙwashe ya shige tafin hannu, ya ƙi fitowa. Yanzu ya fara yi wa alƙalami haka. Na ga likita uku. Na ƙarshe ya ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya, saƙon da kai ke aika wa yatsan ne ya cuɗe, kuma yana samun masu kiɗan da suka yi wa hannu aiki fiye da kima. Na tambaye shi magani, ya tambaye ni ko ina da wata sana'a.

Sau uku na sake rubuta Kwarin Madi don in kauce wa yatsan nan. Na ɗora aikinsa a kan na kusa da shi, ga shi tun watan jiya shi ma ya fara. Ba wanda ya sani. Ran Asabar muna gwaji na tsaya cak a tsakiya, na juya na daka wa masu goge tsawa wai sun yi sauri. Shugabansu, wani dattijo Bagchi, ya sauke gogensa ya ce, “Mu ne muka yi sauri, Tirtha-babu?” Na ce ku ne. Ya kalli hannuna, ya ce, “To, mu sake.” Da ya zage ni da ya fi mini.

Na san abin da kika ɗauka da kika ga tambayata. Kin ɗauka ina roƙon Buwa ya kai bayan 24. Ba haka ba ne, Didi. Duk lokacin da mai raba wasiƙu ya buga ƙofa gabana yana faɗuwa, kuma ba tsoro ba ne. Fata nake yi talgiram ce. Wanda ya fasa kiɗa don mahaifinsa ya rasu, kowa dafa kafaɗarsa zai yi. A yanke farata, a sa farin kaya, shekara guda ba wanda zai ce ɗauko jita, kafin ta ƙare an manta da ni cikin mutunci. Amma wanda ya tsaya a tsakiyar kiɗansa gaban mutum ɗari takwas, rediyo na ɗauka, da wannan za a riƙa tuna shi. Na kasa zuwa in ce musu hannuna ya mutu, na zauna ina jiran ubana ya mutu a madadinsa.

Ga shi na faɗa. Na tsani kaina, kuma gobe in an buga ƙofa na san abin da zuciyata za ta yi. Ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Ki ƙone takardar nan da kin gama. Kada Buwa ya gan ta.

Tirtha


Tansen, 25 ga Agusta

Kancha,

Albarka mai yawa. 'Yar guntuwar wasiƙarka ta 11 ga wata ta iso, an buɗe hanya. Layi shida! Ko kuɗin kan sarki ba su fanshe ba. Amma na yi abin da ka ce, kuma yau labari mai daɗi zan ba ka, in ana iya kiransa haka.

Likita ya ce a lissafinsa Buwa ba zai ga ƙarshen watan nan ba. Da na dawo, Buwa ya ce ina na je. Na rasa ƙaryar da zan yi, na ce, “Kancha ne yake son sanin ko za ka kai ranar kiɗansa.” Sai ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun mahaifiyarmu Ama tana da rai. Ya ce, “Ji ɗan banza! Ni zai ba wa jadawali?” Sannan ya ce in kawo alli.

Yanzu a bangon da ke gefen gadonsa akwai 24 da manyan lambobi, ƙarƙashinta kuma zane-zane, ɗaya ga kowace rana. Kullum da safe yana goge guda da yatsa. Mutumin da ya yi sati yana ture kwano, shi ne yake kirana, “Kausalya, ina ruwan shinkafar?” Ya sha cokali uku ya dawo da su, ya goge baki ya ce ƙaro. Jiya har kindirmo ya nema, wai gara ya sha tunda kai za ka shekara ba ka sha ba saboda makokinsa. Purohit ɗinmu, mai jagorantar ibadar gidanmu, ya zo da littafinsa zai fara karanta masa na tafiya, Buwa ya ce, “Rufe, malam, ka zo da wuri. Ba inda za ni sai yaron nan ya kaɗa abinsa.” Har tsohuwar rediyo ya sa aka kai gyara.

Ba zan ɓoye maka ba, yana shan azaba. In abin ya taso yakan cusa gefen bargo a baki don kada maƙwabta su ji. Jiya na ce, “Buwa, ka bar wahalar da kanka haka.” Ya ce, “Sau ɗaya na yanke masa, ya isa.” Ban san yana tuna abin ba, Kancha. Na ɗauka ni da kai kaɗai muke ɗauke da shi.

Saboda haka ka kwantar da hankalinka, ka goge faratanka, ka yi kiɗanka. Zai kai. Na yafe maka maganar buhun masara.

Ka riƙa rubutowa da tsawo, yana jin daɗi. Mai raba wasiƙu tsohon ɗalibinsa ne, yanzu ba ya ma nemana, kai tsaye yake shiga ya sa masa a hannu, musamman da yamma in na tafi yankan ciyawar saniya.

Didinka


Tansen, 6 ga Satumba

Tirtha,

Bhimlal ne zai sa maka wannan a hannu. Bai san abin da ke ciki ba. Ba ni da gaisuwa yau.

Wasiƙarka ta 22 ta iso ran Lahadi da yamma, ina wajen ciyawa. Na dawo da kaya a baya na tarar da ita buɗe a kan ƙirjinsa, tabarau a hancinsa. Na ajiye kwando, ya miƙo mini ya ce karanta, kada ki tsallake. Na karanta a tsaye. Da na zo wajen talgiram sai na zauna a ƙasa.

Na ce, “Buwa, bai san abin da yake rubutawa ba. Ba shi da lafiya.”

Ya ce, “Ya sani sarai. Yatsan tsakiya ne ashe. Tun wasiƙar Yuni na ga layin da muke ja a saman haruffa yana gangarowa a rubutunsa, na ɗauka giya ya fara sha.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in jiƙo tsumma. Na kawo, ya miƙa hannu ya goge zane-zanen nan duka, guda ashirin da suka rage, ya goge 24 ɗin ma. Na kawo ruwan shinkafa, ya ture kwanon da bayan hannu. Na durƙusa ina roƙonsa, ya ce, “Haba Kausalya, ke ma kin san da ƙyar nake haɗiya. Don shi nake ci dama. Tunda ba ya bukata, ku bar ni in huta.”

Ina so ka sani ban yafe maka ba tukuna. Kwana goma sha biyu ina kallon tsohon nan yana amai yana neman ƙari saboda kai. Wataƙila in na ga hannun da idona zuciyata ta sauko. Yanzu dai ba ta sauko ba.

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa, don ya sa na maimaita masa sau biyu kamar 'yar aji ɗaya.

Ya ce ka je wurin mutanen zauren ka ce mahaifinka yana bakin tafiya, kai ne ɗa namiji. Ba ƙarya ka yi ba, kuma ba wanda zai tambaye ka wani abu bayan wannan. Maganar yatsa ta tsaya tsakaninmu mu uku.

Ya ce askar da na tsorata da ita, wanzami yake wasa wa. Wai wanzamin unguwarmu da dakusasshiya yake yawo, kada ran kwana na goma ya ji wa yatsun ciwo. Ta yi kaifi yanzu, tana hannuna.

Ya ce ka zo da jitar, kuma ka zo da faratanka huɗu yadda suke, kada ka taɓa su a hanya. Shekara ashirin da huɗu kana wannan abu bai taɓa zama ya saurara ba. Na ce, “Buwa, ai ka karanta, hannun ba ya yi.” Ya ce, “Ya kaɗa yadda yatsan ya bari. Ni da ban san daidai ba, ina zan gane kuskure? Kwarin nan dai na fi shi saninsa.”

Ya yi lissafi da kansa: kwana biyu Bhimlal ya isa, kwana biyu ku dawo, ya ƙara ɗaya saboda hanyar Butwal. Ya ce zai iya biyar, bai yi alkawarin shida ba. Tun ran Lahadi ruwa kawai yake karɓa, a cokali. Kada ka tsaya haɗa kaya, akwai farin yadi a gida.

Ka ce in ƙone takardar. Na nema ya hana ni. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun rigarsa, ya ce a bar ta a jikinsa in an ɗauke shi zuwa kogi. Ya ce wanda ya rubuta ta shi zai sa mata wuta.

Kausalya